Ƙodar da Ta Riga Yakaka Shiga Kabari

A unguwarmu ta Gagulmari, a cikin garin Haɗeja, idan mace ta cika, kafin kuka ya tsallake katanga an riga an aika gidan Yakaka. Ita ce mai yi wa gawar mata wanka. Ba da wannan take ci ba. Abincinta yana fitowa ne daga kifin banda da take sarowa a kasuwa, tana kasawa a faifai a ƙofar gida. Wankan gado ne daga kakarta, wadda iyayenta suka taso daga bakin Tafkin Chadi a wata shekara ta yunwa, suka biyo ruwa har suka tsaya a nan.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, saboda haka na daɗe ina ganin fitarta. Doguwa ce, siririya, ba ta da sauri kuma ba ta da nawa. Takan lulluɓe wata 'yar ƙwarya a cikin mayafi, wadda ke ɗauke da garin ganyen magarya, da kafur, da auduga, da tsinken tsifa. Duk wanda ya gan ta da ƙwaryar nan yakan yi salati kafin ya tambayi wace ce ta tafi.

Abin da aka fi saninta da shi tsentseni ne a kan gashi. Idan ta tsefe kitson mamaciya, ba ta yarda sili ɗaya ya bi ruwa. Takan tsince shi daga tabarma, daga jikin tsinke, daga tsakanin yatsunta, ta dunƙule, ta sa a cikin likkafani. Bintu, ƙawarta da ke zuba mata ruwa tun suna amare, takan ce, “Yakaka, mutane na jira a waje, rana na yi.” Ita kuma takan amsa ba tare da ta ɗago ba: “Su jira. Aro aka ba ta, a cike za ta mayar.” Haka kakarta ta koya mata, haka kuma Malam Abdulmannan, tsohon malamin zauren unguwarmu, ya tabbatar mata: jiki amana ne, kuma abin da ya faɗo daga gawa tare da ita ake binne shi.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta biyu na fari sun koma suna kan nono, ta uku ce ta rayu, tana aure a Kafin Hausa. Wanda ya rage mata a kusa shi ne ƙanenta Modu, autan ɗakinsu, wanda ta goya har zanenta ya koɗe. Modu manomin shinkafa ne a fadama, idan ruwa ya cika kuma ya ɗauki komar kamun kifi ya shiga kwalekwale. Mutum ne mai baki, ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba.

A shekarun nan ne Yakaka ta fara lura da wani abu a jikin matan da take wankewa. Ƙafafu a kumbure, fuska a cike, fata ta yi toka-toka da sawun susa. Idan ta dafa ƙauri don ta juya gawa, sai shatin yatsanta ya zauna a naman, ya ƙi tasowa. Da fari ɗaya-ɗaya ne, daga baya ya zama kusan duk wata. Ciwon ƙoda, in ji mutane. Wasu suka ce ruwan sha ne, wasu suka ce maganin feshi ne, wasu suka ce zafin rana ne da ƙishirwar gona, wasu suka ɗora wa ƙwayoyin kashe gajiya. Babu wanda ya tsaya a kan magana ɗaya. Ita dai abin da ta sani shi ne ramin nan da yatsa ke bari.

Wata ranar Juma'a da hantsi Modu ya biyo ta gidanta da tarwaɗa biyu a rataye. Ya zauna a kan turmi, ya miƙe ƙafa yana ƙorafin takalminsa ya matse shi.

“Yaya, ko dai arziki ne ya fara zuwa mini ta ƙafa? Dubi yadda na yi ƙiba.”

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa kamar mai ɗaukar wani abu a ƙasa, ta sa babban yatsa a ƙaurinsa, ta danna, ta ɗauke. Ramin ya zauna. Suka tsaya su biyu suna kallonsa.

“Kai, Yaya, ɗauke hannunki daga jikina,” in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. “Hannun nan naki ba na masu rai ba ne.”

Ranar ba ta kasa kifi ba.

Daga nan abin ya yi sauri. Amai ya zo, abinci ya fita ransa, fitsari ya ragu har ya koma kamar na jariri. Daga asibitin gari aka tura shi wani babban asibiti a Kano, matarsa Saudatu ta bi shi. Bayan 'yan kwanaki, ana shirin sallar azahar, wayar Yakaka ta yi ƙara. Muryar Saudatu ce, tana yankewa tana dawowa.

“Yaya... Modu ne... sun ce yanzu za a wanke shi...”

Sai layin ya katse.

A kunnen Yakaka wannan magana ma'ana ɗaya gare ta. Matata ta ce ta ji salatinta ta kan katanga, ta ruga, ta tarar da ita a tsakar gida da ƙwaryar nan a hannu, ta yi mayafi, ta nufi ƙofa. A bakin ƙofar ne ta tsaya cak, don ta tuna Modu namiji ne, ba ita za ta wanke shi ba. Ta zauna a ƙasa da ƙwaryar a cinya. Mata suka fara shigowa suna kuka. Har an aika a gaya wa liman lokacin da wayar ta sake ƙara, aka ji Modu da kansa, murya a dushe:

“Yaya, an ce kin tara mini mutane? Ki ce su ci kifin su watse. Wankin ƙoda ake nufi. Inji ne ke yi, ba ke ba.”

Mata suka yi ta dariya suna share hawaye. Yakaka ba ta taya su ba. Ta ce da matata, “Na riga na ji yadda za ta kasance. Ba za ta fita daga jikina ba.”

Wankin ya riƙe shi, amma bai sake shi ba. Kowane mako sai an hau mota zuwa Kano, a zauna a jikin inji, jini ya fita ta wannan roba ya koma ta waccan, a dawo a galabaice. Gonarsa ta cika da ciyawar kacalla. Mutumin da ke tura kwalekwale shi kaɗai a kan igiyar ruwa ya koma sai an riƙe shi zai shiga banɗaki. Daga ƙarshe likita ya tara su ya ce wanki jinkiri ne kawai, jijiyoyin Modu sun fara gajiya, abin da zai tsayar da shi a kan ƙafarsa shi ne dashe: a cire ƙoda ɗaya daga jikin mai lafiya a sa masa. Ya ce mutum yana rayuwa da guda ɗaya. Ya ce ba a saya, ba a sayarwa, sai dai ɗan'uwa ya bayar don Allah.

'Ya'yan Modu ƙanana ne. Jinin Saudatu bai dace da nasa ba. Wani ɗan baffansu da ya miƙa kansa aka same shi da hawan jini. Yakaka ta bari an ɗebi jininta ne don kada a ce ba ta je ba. Da sakamako ya fito, ita ce ta dace, kamar an auna.

Modu bai roƙe ta ba, ko sau ɗaya. Da ta je duba shi a gidansa, yana kwance a inuwar darbejiya, shi ya fara magana.

“Kin ji sunan da suka sa wa abin? Dashe. Kamar shinkafa. A tuge iri daga komi a kai shi wata gona.” Ya yi tari. “Ni na san dashe, Yaya. Wani ya kama, wani ya bushe. Bar kayanki inda Allah ya shuka su.”

“Wa ya tambaye ka?”

“Fuskarki ce ta tambaye ni.”

Saudatu tana bakin murhu, ta juya musu baya, tana hura wutar da ta riga ta kama.

Ba wuƙa Yakaka ke tsoro ba, ko da yake tana tsoronta. Abin da ya hana ta sakat shi ne gashin nan da ta shekara tana tsincewa. Ita da ba ta yarda mace ta koma ga Ubangijinta da ragin sili ɗaya ba, yaya za ta je da ragin ƙoda sukutum? Da wane baki za ta ce aro aka ba ta amma ta yi kyauta da shi?

Ta tafi zauren Malam Abdulmannan tun almuru bai yi ba, ɗalibai sun tashi, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

“Allah ya gafarta Malam, ya halatta mutum ya ba da ƙodarsa?”

Tsohon ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka hana, suka ce ɗan Adam bai mallaki jikinsa ba balle ya kyautar, kuma jikin mutum yana da alfarma a raye da a mace. Akwai kuma waɗanda suka halatta, su ne suka fi yawa a wannan zamani, da sharaɗin larura ta tabbata, mai bayarwa ya yarda da kansa, ba zai halaka ba, kuma ba ciniki a ciki. “Ni kaina,” in ji shi, “na tashi a kan maganar farko, kuma har yau zuciyata ba ta gama sakinta ba. Amma ba zan ce miki haramun ne ba. Ina jin tsoron Allah a kan hakan, kamar yadda nake jin tsoronsa a kan ɗayan.”

“To Malam, idan na bayar, Modu ya riga ni mutuwa fa?”

“Sai a binne shi, mu yi masa addu'a.”

“Da ƙodata a cikinsa.”

Malam ya ɗago ya dube ta.

“Ina nan ina kasa kifi,” in ji ta, “wani yanki nawa yana cikin kabari. Idan ƙasa ta matse shi, ni ma ta matse ni ke nan? Idan masu tambaya suka zo, suka tarar da naman mutum biyu, wa za su tambaya? An ce gaɓoɓi za su yi shaida ranar tsayuwa. Wannan a kan wa za ta yi, ni ko shi?”

Ya ce, “Yakaka, ban karanta wannan a ko'ina ba. Allah ne masani.”

Washegari ta je wurin Malam Abdulfattah, wanda ke koyar da matan aure a Islamiyyar bayan kasuwa. Mutum ne mai sauƙin kai, ya saurare ta har ta gama. Ya ce bayarwar halal ce, sadaka ce ma mai girma, ya karanto mata ayar da ke magana a kan ladan wanda ya raya rai guda. Game da kabari kuwa ya ce ta kwantar da hankalinta, domin malamai da dama suna ganin gaɓar da aka dasa ta kama, ta zama ta wanda aka dasa wa, hukuncinsa ne hukuncinta. Wanda ya halicce ta daga babu, in ji shi, ba zai rasa yadda zai tashe ta a cike ba.

Ta yi godiya ta fito. A hanya ta tarar tsoron bai ragu ba, rabuwa ya yi biyu. Idan ƙodar tata ce, za ta shiga kabari tun tana numfashi. Idan ta Modu ce, to ita za a naɗe a likkafani da giɓi. Kuma ga wani abu da maza ba sa tunawa: Yakaka ta shirya mata masu yawa don kabari, amma ba ta taɓa ganin an sa kowa a cikinsa ba. Mata ba sa raka gawa. Iyakarta bakin zaure, inda makara ke ficewa a kan kafaɗun maza. Abin da ke bayan wannan ƙofa, ji kawai take yi.

Ta rame a makonnin nan kusan kamar Modu. Idan ta ɗaga tulu sai ta dafa kwiɓi, kamar tana tabbatar da abin yana nan. Modu kuwa ƙafafunsa suka fara tsattsafo da ruwa. Bai ƙara tsokanar kowa ba.

Ana cikin haka aka aiko kiranta wata safiya zuwa unguwar Majema. Wata yarinya ce, Zulaihat, ta rasu bayan haihuwa, jaririnta bai yi arba'in ba. Aka kewaye lungun tsakar gida da tabarmi, Bintu ta kawo ruwa, Yakaka ta yi niyya ta fara. Ta yi wa gawar alwala, ta tsefe kitso, ta tsince gashi kamar kullum. Da ta zo wanke ƙirji, hannunta a ƙarƙashin zane, sai ta ji wani ɗumi-ɗumi mai santsi da ba na ruwan magarya ba. Ta janye hannu ta duba. Nono ne, fari, a tafin hannunta. A daidai lokacin jaririn ya tsala kuka daga ɗaki.

Bintu ta ajiye buta. “Wayyo Allah. Wannan ta bar rabinta a waje.”

Yakaka ta tsaya da hannu a buɗe. Ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Gashi ana dunƙulewa, farce ana tsincewa, amma wannan fa? Wanda ya riga ya shiga cikin yaron, ya zama cinya da kumatu, wa zai tattaro shi ya sa a likkafani? Yarinyar nan za ta tafi da ragi, kuma babu malamin da zai ce ta ci amana.

Sai nata biyun suka faɗo mata, waɗanda suka koma suna kan nono. Ba su taɓa cin komai ba sai ita. Duk naman da ke jikinsu daga jikinta ya fito, kuma maza sun ɗauke su a tabarma sun fice da su ta ƙofar nan tun tana da ƙuruciya. Ashe ta daɗe a maƙabarta. Ta yi shekara da shekaru tana daka, tana kasa kifi, tana dariya, alhali wani yanki nata yana kwance a ƙarƙashin ƙasa.

“Yakaka, lafiya?” in ji Bintu.

“Zuba ruwa.”

Daga gidan rasuwar zauren Malam Abdulmannan ta wuce, ƙanshin kafur bai bar hannunta ba. Ta tambaye shi: nonon da uwa ke shayarwa, amana ne ko nata ne?

“Amana ne,” in ji shi. “Amma irin amanar da aka ba ki don ki miƙa.” Sannan ya ƙara, domin shi mutum ne da ba ya son a ɗauki fiye da abin da ya faɗa: “Sai dai ki sani, nono yana dawowa, ƙoda ba ta dawowa. Ba abu ɗaya ba ne a wurin malamai. Ki yi istihara. Idan kin tafi, ina yi miki addu'a, ba kuma zan fasa gaishe ki ba.”

Ba ta ce tsoro ya tafi ba. Ta dai je gidan Modu ta tsaya a kansa ta ce, “Tashi a kai ka dashe.”

“Yaya, na ce ki bar...”

“Na goya ka ba ka ce in sauke ka ba. Rufe mini baki.”

Saudatu ta faɗi a ƙafafunta tana kuka. Dangi da abokan nomansa suka haɗa hannu, aka sayar da abin da za a sayar, aka sa rana.

A Kano, likitar da za ta yi aikin, mace ce mai sanyin murya, ta zauna ta yi mata bayani. Ta hagu za a cire. Za a sa ta barci, sannan a kwantar da ita a gefenta na dama.

“A gefen dama,” in ji Yakaka.

“E, Mama. Akwai matsala?”

“Babu.”

Kwanciyar kabari ke nan, ita kuwa ta sani. Da safiyar ranar aka cire mata 'yan kunne, aka tuɓe ta, aka rufa mata zane ɗaya. Mata biyu suka tura ta a gado mai taya, suna hira a kanta kamar ba ta ji. Ta gane komai. Ta san wannan aiki daga sama, yau ga ta a ƙasa. Ta ga yadda fuskoki ke leƙowa, yadda hannun baƙo ke ɗaga maka hannu ya ajiye inda ya so. Ta so ta ce musu su yi a hankali, su rufe mata ƙafa. Ta yi kalmar shahada, ta sake yi, tana cikin ta uku duhu ya ɗauke ta.

Da ta farka, abin da ta fara ji zafi ne a kwiɓin hagu, sai muryar Saudatu: “Yaya, ta kama! Wallahi ta kama! Fitsari yake ta yi kamar an fasa randa!”

Modu ya tashi. Kumburi ya saɓe, fata ta washe, baki ya dawo. Kafin shekara ta zagayo ya koma fadama, da malafa a ka da ƙwayoyin da aka ce zai sha har ƙarshen ransa a aljihu. Abokansa suka sa shi gaba. “Modu mai ƙodar mata! Yaushe za ka fara kitso?” Shi kuma ya ce, “Ku yi a hankali. Ƙodar mai wankan gawa ce, duk wanda ta tsana ba ya daɗewa.”

Yakaka kuwa ta zame masa mai gadi. Idan aka kira salla ta hango shi a bakin hanya yana surutu, sai ta aika masa: a gaya wa Modu ya tashi, ita ba ta saba jinkirta la'asar ba, kada ya koya wa kayanta. Idan ya fara labarin kifin da ya kama yana ƙara masa tsawo, ta ce, “Kada ka yi ƙarya da ƙodata a cikinka.” Wata rana ta ce masa, ba da wasa ba, “Kada ka kai ta inda ban taɓa zuwa ba.” Ya ce, “Yaya, wuri ɗaya ne zan kai ta da ba ki taɓa zuwa ba, shi kuma ba da son raina ba.” Ta juya ta shige gida.

Kowace damina, idan kogi ya cika ya fara lasar jingar da ke tare shi, Modu ya shiga kwalekwale, ba ta iya cin abinci sai ta ji muryarsa. Ta ce da matata ita yanzu mutuwa biyu take jira.

Shekaru suka wuce, masu kyau. Modu ya noma shinkafa ya noma alkama. Ya aurar da babbar 'yarsa Amira, ya yi rawa a bikin har rawaninsa ya warware. Ya ɗauki jikansa ya yi masa huɗuba. Sannan a wata shekara ta ambaliya zazzaɓi ya kama shi, irin wanda wani zai kwana biyu ya miƙe. Magungunan da ke hana jikinsa ƙin ƙodar su ne suka rage masa ƙarfin faɗa da ciwo. Ya cika da safe, rana ta ɗan ɗaga.

Yakaka ta buɗe ƙwaryarta, ta ɗebi magarya da kafur ta ƙulle a tsumma, ta miƙo mini ta bakin zaure, domin ina cikin waɗanda za su wanke shi. Ta ce, “Malam, akwai tabo a mararsa ta dama. Ku bi wurin a hankali.”

Muka wanke shi, muka sallace shi, muka ɗauka. Da makara za ta fice na waiga. Tana tsaye inda ta saba tsayawa, hannunta na hagu a kan kwiɓi.

Abin da ya biyo baya matata ce ta gaya mini. Yakaka ta koma ɗaki ta zauna a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta ƙi yarda kowa ya taɓa ta. Tana bin mu a zuci. Yanzu sun wuce masallaci. Yanzu sun isa. Yanzu sun sauke shi, sun kwantar da shi a dama. Yanzu suna jera itace, suna toshe kafa da laka. Gumi ya jiƙa mata riga. Yanzu ƙasa. Da ta ƙiyasta mun juya, an bar shi shi kaɗai yana jin takun tafiyarmu, sai ta runtse ido, ta danne tabon da hannu biyu, leɓunanta suna motsi da amsoshin da ake koya wa kowane Musulmi tun yana yaro, ko da za a tambayi wancan yankin ya rasa baki.

Bintu tana gefe tana kallonta, ba ta ko ƙifta ido.

Aka daɗe a haka. Sai Yakaka ta buɗe ido, fuskarta da wani irin mamaki.

“Me kika ji?” in ji Bintu da raɗa.

“Fitsari nake ji.”

Ta tashi da kyar, ta ɗauki buta ta zagaya. Da ta fito ta yi alwala, ta yi salla, sai a cikin sujada kukan ƙanenta ya zo mata, wanda tsoro ya tare tun safe.

Har yau tana nan, tana kasa kifi, tana fita da ƙwarya, tana tsince gashi sili-sili kamar da. Ban ce ta warke daga tsoron ba. Idan aka yi ruwa mai yawa, ta san ya sauka a maƙabarta, nakan gan ta a ƙofar gida da hannu a kwiɓi, tana kallon gabas. Ta dai riga ta yi wa Bintu wasiyya, a gaban matata:

“Idan kin riga ni, shi ke nan. Idan ni na riga ki, kika zo kan tabon nan, ki wanke shi kamar ko'ina, ki sa masa kafur. Kada ki tsaya neman saura. Yana wurin Modu.”